Balaraben Hawa Na Huɗu

In ana lissafin mutanen da Allah ya yi wa baiwa a ƙasar Faransa, to a fara da Dokta Mustafa Algadamasi, sannan a zauna a sha ruwa kafin a nemi na biyu. Mu 'yan Nijar mazauna Lyon mun daɗe da sanin haka, domin shi da kansa ya sanar da mu. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana rubuta kundin digirinsa na uku a kan sasanta rikici. Kundin bai ƙare ba, amma muka ga bai dace a bar bawan Allah yana jiran jami'a ba, sai muka ba shi Dokta tun da wuri. Da rana yana tsaron ƙofar wani babban kanti, aikin da yake kira kula da zaman lafiyar jama'a. A bayan idonsa Ruwa-Kashe-Gobara muke ce masa, a gabansa kuwa ranka ya daɗe.

Baiwarsa ta biyu jini ce. Dokta Balarabe ne. In ka dube shi ba za ka gane ba, don baƙi ne kamar ni da kai, amma ya ce zafin ranar Damagaram ne ya yi wa zuriyar aiki. Kakan kakansa, in ji shi, attajiri ne daga Gadamas, ya iso Zinder da raƙumi ɗari uku. Ba mu taɓa musa masa ba, kuma da wane baki? Kowane gida a cikinmu yana da kakan da ya taso daga gabas. In aka tara kakannin nan duka, sai ka rasa wanda ya tarbe su da suka iso ƙasar Hausa.

Mutum ɗaya ne ya taɓa kauce wa wannan tarbiyya, shi ne Illiassou, direban bas, ɗan unguwarsu tun daga Zinder, wanda ƙofarsa ke kallon ta Dokta a hawa na huɗu na wani dogon bene a Rillieux, a gefen Lyon. Shekara bakwai da suka wuce, a wurin wani suna, Dokta yana cikin jero raƙuman nan, Illiassou ya ɗago kai daga kwanon shinkafa.

"Ni dai kakanka da na sani Malam Tanko ne, mai awon gero a kasuwar Dole. Jaki ɗaya gare shi, shi ma gurgu."

Tun daga ranar masanin sulhu ya ɗaura gaba. In Illiassou ya shiga lif, Dokta ya bi matakala, yana haki yana istigfari. Wasiƙar ƙara arba'in da uku ya rubuta wa ofishin masu gidan: takalma a bakin ƙofa, warin daddawa, tarin asuba. Da ofishin ya gaji, sai ya turo Madam Yasmine, mai sasanta maƙwabta, haifaffiyar Lyon wadda iyayenta suka zo daga Aljeriya. Shekara uku baiwar Allah tana zarya tsakanin ƙofa biyu da tazararsu ba ta wuce taku huɗu ba. Abin da ta samu shi ne suka yarda su shiga lif ɗaya, kowa yana kallon bangonsa. Dokta bai damu da lif ba. Abu ɗaya yake so a duniya: ya ga ranar da Illiassou zai haɗiye maganar Malam Tanko a gaban mutane.

Ranar kuwa ta zo a cikin ambulan. Wasiƙa ce daga wata gidauniya a Paris da ke karrama Larabawan da suka yi fice a ilimi da kasuwanci da wanzar da zaman lafiya. Ga sunansa da ruwan zinariya a shafin farko, ana gayyatarsa bikin ba da lambar zaman lafiya ta bana. Dokta ya karanta sau uku, idonsa ya kawo ruwa. Balarabe, kuma mai sulhu: abu biyun da aka yi masa dariya a kansu, ga su a takarda ɗaya da hatimi.

Matarsa Sabuwa ta ɗauki shafi na biyu da ya faɗo ƙasa, ta karanta, ta dube shi.

"Baban Hafsah, ka duba ta bayan kuwa?"

"Ta bayan ta masu neman hanyar tashar jirgi ce da lambar metro. Bon, ni ina da aiki. Kawo mini firam ɗin da ke bayan kabad."

Ta kawo. Abin da shafi na biyu ya ce kuwa a fili yake: Madam Yasmine ce ta ci lambar, an gayyaci maƙwabtan nan biyu ne su zama shaidar wahalar da ta sha. Mu duka mun sani, don Illiassou ma an aiko masa da irin takardar, ya kuma nuna mana a masallaci bayan Juma'a. Muka dubi juna. Wa zai tari babban mutum, mai furfura a gemu, ya ce masa ya yi kuskure? Ai akwai kara. Kowa ya ce na kusa da shi ya faɗa, na kusa ya ce a bari a ga hali. Ni ma da ke ba ku labari ina wurin, kuma abin da na iya cewa shi ne Allah ya sanya alheri. Gaskiya kuma, shekara da shekaru muna ƙasar nan ba wanda ya taɓa kiranmu Paris sai don sabunta fasfo. Kafin Litinin mun fitar da anko, shadda ruwan toka, da hoton Dokta a aljihun gaba.

Shi kuwa ya nufi unguwar Guillotière, shagon wani Bamaroke mai suna Nassim, don ya sayi tufar kakanni. Ya ga ya dace ya yi wa ɗan uwansa magana da harshen gida. Larabcin Dokta na makarantar allo ne, don haka ya fara da sallama, ya zarce da neman tsari, ya ɓulla cikin addu'ar shiga kasuwa. Nassim ya ɗaga hannu ya shafa, ya ce amin, sannan ya tambaye shi da Faransanci lamba nawa yake sawa. Dokta ya fito da farar jallabiya da baƙar alkyabba mai bakin zinariya, yana gaya mana jini ba ya ɓuya, yaron nan kallo ɗaya ya yi masa ya gane.

Muka yi walima tun kafin a tafi, don mu ba ma jiran a ga wata kafin mu yi salla in dai akwai shinkafa. Dokta ya miƙe ya yi jawabi.

"'Yan uwa, ni ban nemi wannan abu ba. Franchement, na so in ɓoye kaina. Amma bikin farar kaza, balbela ba sai an gayyace ta ba, balle ga gayyata da zinariya. Wasu sun ce jaki. Yau duniya ta ce raƙumi. Na yafe musu, domin mu zuriyarmu yafiya gado ce, amma sai sun zo sun roƙa."

Muka tafa har hannu ya yi zafi.

Ranar Asabar da safe mu ashirin da shida muka shiga jirgin ƙasa. A can ƙarshen taragon sai ga Illiassou da 'yar jakarsa, yana cin gyaɗa. Zuciyar Dokta ta yi fari. Ya raɗa wa Sabuwa cewa mutumin ya biyo su ne ya tuba a bainar jama'a, kuma zai bar shi ya ɗan jira tukuna. Sabuwa ta juya tana kallon shanun Faransa ta taga.

Zauren ya cika da manyan mutane: likitar da ta gano wani magani, injiniyan da ya kai ruwa ƙauyuka, tsohuwar da ta buɗe makarantu a sansanin 'yan gudun hijira. Dokta yana gyaɗa wa kowannensu kai irin na abokan aiki. An ajiye shi a layi na uku, kujerarsa manne da ta Illiassou, ya ɗauka wannan ma cikin hikimar masu bikin ne. Da aka zo lambar zaman lafiya ya gyara alkyabba, ya zaro jawabinsa mai shafi tara, ya ɗaga rabin jikinsa daga kujera.

Aka kira Madam Yasmine.

Ya tsaya a haka, bai zauna ba bai miƙe ba, har sai da Sabuwa ta ja gefen alkyabbar. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba tun yana yaro, ya ji da ma ƙasa ta tsage. Mu kuwa 'yan anko kowa ya sami abin dubawa a wayarsa.

Madam Yasmine ta karɓi lambar, wani icen zaitun na gilashi. Ta ce ta raba faɗan 'yan daba, ta sasanta dangin da suka kai juna kotu, amma ba ta san haƙuri ba sai a hawa na huɗu. Ta ba da labarin wasiƙa arba'in da uku, zauren ya fashe da dariya. Ta ba da labarin matakala, wani dattijo har da share hawaye. Sannan ta roƙi maƙwabtan biyu su hau su gaisa. Dokta ya hau, ya miƙa hannu, Illiassou ya kama ya girgiza da kyau. A daidai nan aka kawo wa Madam furanni, hannunta ya cika.

"Malam Mustafa, don Allah ɗan riƙe mini."

Ya karɓa, kamar yadda yake riƙe wa tsofaffi jaka a ƙofar kanti. Sai ya ji nauyin gilashin a hannunsa, ya ga fitilu, ya ga alkyabbarsa tana sheƙi. Kafaɗarsa ta miƙe da kanta. Ya ɗaga icen zaitun sama. Mu kuma, Allah ya yafe mana, muka tashi tsaye, mata suka rangaɗa guɗa, wayoyi ashirin da biyar suka haska. Bai fi minti ɗaya ba Madam ta karɓi abinta.

Kafin mu iso Lyon hoton ya isa Zinder, an yanke Madam, an yanke Illiassou, saura Dokta da lambarsa. Dangi suka yi ta kira, wani kawunsa har ya yanka rago. Yanzu haka hoton yana rataye a ɗakin taron ƙungiyarmu. Ba mai cewa komai, don duk wanda zai tona sai ya fara bayanin ankon da ke cikin akwatinsa.

Sai dai Illiassou ya ba wani na layi na uku wayarsa tun kafin a zo lambar zaman lafiya, an ɗaukar masa bidiyon tun daga kiran suna har zuwa "ɗan riƙe mini". Bai tura wa kowa ba. Ya dai nuna wa Dokta sau ɗaya, a cikin lif, tsakanin hawa na biyu da na uku.

Tun daga ranar zaman lafiya ya sauka a Rillieux. Kullum da safe Dokta ne ke fara buɗe ƙofa, ya riƙe wa maƙwabcinsa lif, ya ɗan rusuna.

"Malam Illiassou, an tashi lafiya? Ya iyali? Ya gajiya?"

"Lafiya lau, jikan Malam Tanko."

"Madalla," in ji Dokta, ya danna masa maɓallin ƙasa.