Rasuwar Alƙalamin Ƙaho, Wanda Bai Rubuta Ko Alif Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Hamdiya Garba ta Cadawa nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar alƙalamina, wanda ya cika ranar Juma'a da hantsi, tun bai gama zama alƙalami ba.

Marigayin ɗan asali ne, tsinin ƙahon farar saniyar Hamma makiyayi. Garau yake, in aka ɗaga shi a rana haske na ratsa shi. Kawuna Labo, mai sassaƙa alƙaluma, shi ya huda cikinsa sannu a hankali, marigayin yana cewa "ƙiiii", gida ya gume da ƙaurin gashi. Ban da wannan, ba a taɓa jin ƙorafinsa ba.

Saboda tsarkin zuciya ba ya ɓoye komai, har bututun tagullar da za a zura masa za a iya hangowa daga waje. Shi ya sa Kawu ya ce a shafa wa ramin fenti ta ciki. Na zaɓi ja. Muka ɗora shi bisa katanga ya sha iska.

A nan ajali ya riske shi. Inna Habi, yayar Kawu, ta fito shara ta ga ƙaho hudajje, cikinsa jajir, ya saita ƙofar ɗakinta.

"La'ilaha! Wa na tsare wa gaba a gidan nan?"

Ta kwashe shi da ludayi, sai cikin murhu. Kalmarsa ta ƙarshe ita ce "tas!"

Kawu ya ce, "Yaya, alƙalamin yarinya ne fa!"

"Alƙalami da jini a ciki? Labo, kai ma sai an yi maka rubutu ka sha."

Ya rasu ya bar ɗan tagwayensa, ƙahon hagu, wanda ke aiki gun wani wanzami a Agiye. Ya bar bututun tagulla, amaryar da ba ta tare ba. Ya kuma bar farin kaye, littafin rubutun da nake ɓoyo tun ina 'yar makarantar lakol, don na rantse labarina na farko da marigayin zan rubuta ko kuwa a fasa. Duk wanda ya ce, "Hamdiya, ina labarin?" sai in ce alƙalami bai ƙare ba. Allah ya sani, ya rufa mini asiri ƙwarai.

Za a rufe tokarsa bayan rumbu in an sauko la'asar. Inna Habi ta ce ba za ta zo ba, tana turare ɗaki. Za a karɓi gaisuwa a zauren Kawu, amma don Allah kada kowa ya zo da wani ƙaho. Sanarwar mutuwa ba ta jira, shi ya sa na ari bik ɗin ƙanwata Batulu, wani biro mai taunannen gindi, na buɗe kayen.

Ga shi har na juya shafi.