Ranar da Rufin Alhaji Ya Tashi da Ni

Rufin kwanon farko da na yi, a Kurfi, iska ta ɗauke shi ina bisa. Ba a daɗe da samun mulkin kai ba lokacin.

Ni maginin soro ne, azara da ƙasa na sani. Rufin soro nauyinsa ke riƙe shi, ba a ɗaure shi. Da wani Alhaji mai fataucin gyaɗa ya nemi kwano a kan sitonsa, sai na ce, "Alhaji, rufi ai rufi ne."

Ya ce, "Kafintan Dutsin-Ma ya ce sai an ɗaure katako da bango da waya."

Na ce, "Tsoron kafinta ne kawai."

Na aza katako, na buga kwano, ban ɗaure komai ba.

Hadarin farko ya taso da la'asar, sito cike da gyaɗar iri. Kwano ya fara ɗagawa yana sauka. Na ce nauyi ya rasa, na hau na kwanta rub da ciki. Iska ta shiga ta ƙarƙashi, katako ya yi ƙara, na leƙa na ga bango ya rabu da mu. Na rufe ido ina kalmar shahada. Alhaji na ƙasa yana ihu, "Malam, sauko! A'a, danne! Danne!"

Bayan katanga muka sauka, ni da rufin, a kan juji. Haƙarƙarina ya karye, gyaɗa ta sha ruwa.

Yanzu ina ƙauyen Tamawa, rumbu kawai nake yaɓewa. Har yau in jirgi ya gitta sama, sai a juyo a ce mini, "Direba, an tafi an bar ka!"