Kaskon Turaren Hindatu

A tsohon gidan su amaryata Hindatu da ke unguwar Zahir, a ƙasa mai tsarki, wuta iri biyu ce a bango, ta 110 da ta 220, kowane soket an san halinsa kamar ɗan gida. Daga can ta taho da kaskon turare na lantarki, na marigayiya mahaifiyarta, ɗan 110 ne tun asali. Sabon gidanmu na unguwar Kudai kuwa 220 ce zalla.

"Habibi, ka sayo muhawwil mai rage wutar nan," in ji ta.

Littattafan soyayyar da na karanta sun cika buhu, ban taɓa ganin jarumin da ya gaza a gaban amaryarsa ba. Na naɗe hannun riga, na canza fulogi, na ƙara wa kaskon doguwar waya, don a lissafina wuta za ta gaji a hanya kafin ta iso.

Na ɗora turaren, na ce, "Rufe idonki, sarauniyata."

Ta rufe. Kaskon ya yi jawur, ya yi tas, wutar benen duka ta ɗauke. Maigadi ɗan Maraɗi ya hau yana haki: "Wa ke gasa takalmi?"

Hindatu ta rungume kaskon tana hawaye, ni kuwa ina tsaye da sukundireba. Mako guda ba ta dafa min shayi ba.

Har yau in muka je Zahir gaisuwar Sallah, ƙaninta kan tare ni a ƙofa: "Ahlan ya muhandis, maraba da injiniya! Yara, ku ɓoye dutsen guga, ya iso."