Farin Kifi da Jawabin Mai Girma

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Ni da ko sallama a gidan maƙwabta sai na yi ta jan ƙafa, karatuna kuma bai wuce firamare ba. Amma murna ta hana ni zama, kuma akwai babban mutumin da ya cancanci godiya a bainar jama'a.

Tun da likita ya hana Baba soye-soye da yawan gishiri, ya shiga yajin cin abinci. Kwana huɗu, daga shayi sai shayi. Duk abin da na kai masa sai ya leƙa kwanon ya ce wannan ai magani ne ya yi shigar abinci. Har wandonsa ya fara zamewa. Ana haka na ga wani girki a wayar Yaya, irin na mutanen Tailan: farin kifi a madarar kwakwa, da citta, da tafarnuwa, da barkono, da lemun tsami, da ciyawar nan mai ƙamshi da ake jefawa a shayi. Babu suya, gishiri ɗan kaɗan.

Saura wuta. Gas ɗinmu ya ƙare, layin masu saye ya zagaye gidan mai sau biyu. Akwai murhun lantarki, amma lantarkin unguwarmu ba ya fitowa sai da babban baƙo.

Sai ga maƙwabciyarmu mai ɗinki ta leƙo ta katanga da albishir: Mai Girma Uban Alkawura zai zo buɗe ɗakin sanyaya kifi na kasuwa. Buɗewa ta uku ke nan, kowace da sabon fenti, kuma har yau kifi bai taɓa kwana a ciki ba. Mu dai mun san ƙa'ida: da jiniya ake kawo wuta, da tafin ƙarshe ake ɗauke ta. Mai ɗinki ta jera yadi, mai aski ya jera kawuna, ni na jera kifi.

Jiniya na tashi fanka ta juya. Daga kicin ina jin lasifika raɗau. Mai Girma yana gaishe da manyan baƙi na markaɗa kwakwa. Yana yabon kansa madara ta tafaso da citta, gida ya ɗauki ƙamshi, har na taka rawa ni kaɗai. Da ya kai wurin "nan da wata shida" na zuba kifi. Niyyata ya yi awa guda a wuta, don ni a sanina abinci sai ya jima yake nuna, kuma bara awa biyu Mai Girma ya yi yana magana.

Ashe bana rana ta dame shi. Sai tafi kawai na ji, fanka ta tsaya. Mai aski ya bar wani da rabin kai. Na rufe tukunya na zauna ina haɗiye kuka.

Da na daure na buɗe, sai ga kifi fari tas, ya nuna, yana rabewa da kansa. Yaya ta ce ai minti biyar aka ce, ni ce ban kalli girkin har ƙarshe ba. Da jawabin ya yi tsawo, da ruwan kifi zan kai wa Baba.

Na matsa lemun tsami na kai masa. Ya shinshina, ya ɗanɗana. Bai ɗago ba sai da cokali ya fara ƙara a gindin kwano.

"Auta, akwai saura?"

Na ce akwai.

"To gobe ma a yi."

Ranka ya daɗe, Uban Alkawura, a duk ayyukanka babu wanda ya amfani gidanmu kamar shirun da ka yi da wuri. Allah ya ƙara maka gajeren numfashi a gaban lasifika.

Washegari da sassafe na tafi ɗakin sanyin. Ƙaton kwaɗo a ƙofa, fentin bai gama bushewa ba. Na gaishe da maigadi, na tambaye shi yaushe za a yi buɗewa ta huɗu. Ya ce sai fentin ya koɗe. Na gode masa, na ɗora tukunyar gas a kai, na bi layi.