Neman Mai Tsufar da Kan Jirgin Babanmu

Awa biyu cur na yi a tashar garinmu ranar wata Talata, cikin yayyafi, rungume da kwalin takalmi, ina jiran jirgin ƙasa na ƙarfe tara. Sau uku lasifika tana ba mu haƙuri. Da farko wai ganye ne ya zubo kan layin dogo. Daga baya wai direban bai iso ba, shi ma jirgi yake jira. Allah ya ƙara wa manyanmu lafiya, su da ba su taɓa makara ba, tunda a mota ake kai su.

Abin da ke cikin kwalin shi ma jirgi ne, sai dai bai fi tsawon tafin hannu ba: ɗan kan jirgi mai aiki da kwal, irin waɗanda mu tsofaffin garin nan muke tarawa muna shimfiɗa musu layi a ɗakin sama. Wannan kuwa daban yake. Samfurin wanda mahaifinmu ya shekara ashirin da biyu yana zuba wa kwal ne, har lambar. Na saye shi ne saboda yayana Clifford, da ke gidan kula da tsofaffi, tunaninsa yana zuwa yana tafiya. Na kai masa ina ta washe baki. Ya jujjuya shi, ya turo mini abina.

"Wannan ba na Baba ba ne," in ji shi. "Na Baba bai taɓa tsabta haka ba. Bawan Allah, wa ya cuce ka?"

Bawan Allah fa, ni da muka tashi ɗaki ɗaya.

Gaskiyarsa kuwa. Abin yana ta ƙyalli kamar takalmin ango. Sai an sami gwanin da zai kashe ƙyallin, ya sake fenti, ya sa tsatsa inda tsatsa take ci, toka inda toka take zama, baƙin mai inda yake ɗiga. Sana'a ce guda, kada ku raina. Na taɓa gwadawa da kaina a kan wani tarago, ya fito kamar an tsamo shi daga tukunyar miya.

Maƙwabciyata Maureen ta leƙo ta saman shinge, kofin shayi a hannu.

"Tsaya in gane, Alwyn. Sabo fil ka saya, kuma yanzu neman mai ɓata maka shi kake yi?"

"Ba ɓatawa ba ce, Maureen, tsufarwa ce. Sai gwani."

"To ka ba hukuma aronsa mana! Rumfar jiran bas ɗin nan da suka buɗe da kaɗe-kaɗe a watan Maris, je ka gan ta yanzu. Sai ka rantse kakanka ne ya gina ta."

Na buga wa wani gwani a kudu waya, ya ce in shiga layi, wata goma sha huɗu. Clifford mai shekara tamanin da huɗu ina ya ga wata goma sha huɗu na jira? Wani kuma da aka yi ta yabo a ƙungiyarmu ta masu tara ƙananan jiragen nan, na kira, matarsa ta ce bara aka binne shi. Ƙarshe aka haɗa ni da wata Uwargida Ramsden, mai ɗan ɗakin aiki a bayan zauren taron garin da ke gaba da namu. Wurinta na nufa ran nan.

Da azahar na isa. Na tarar da ƙaton kwaɗo a ƙofa, da takarda mai hatimi, ita kuma tana loda kwalaye a bayan motarta.

"Ka makara da kwana ɗaya, dattijo," ta ce. "Ofishin Kula da Ƙura da Tururi ya rufe ni. Wai abin feshina ba shi da lasisi."

Ta nuna mini shi. Wallahi bai fi biro ba.

"To ki nemi lasisin mana."

"Na cika takarda shafi goma sha biyu. Sun ce sai jami'i ya zo ya ga ina aiki kafin a ba ni. Na ce to a buɗe in yi aikin. Sun ce ba a aiki sai da lasisi."

"Shi jami'in yana ina?"

"Sun tafi ƙasar waje, su goma sha ɗaya, koyon yadda ake tsabtace iska. A jirgin sama."

Kun ji masu ƙaunarmu. Motocin dakon kaya suna wuce ƙofar zauren nan suna turnuƙe mu da hayaƙi tun safe, amma idon Ranka-ya-daɗe bai sauka a ko'ina ba sai kan biron wata tsohuwa. Wannan kaifin ido, sai dai mu ce madalla.

Na juya zan tafi, ta ce, "Mu ga abin da ke kwalin." Na buɗe, na nuna mata hoton Baba tsaye a jikin na gasken, na ba ta labarin Clifford. Sai ta ce in shiga mota.

A teburin kicin ɗinta, ga shayi ga biskit, ta tsare ni da tambayoyi. Kwal yake ja ko fasinja? Layin tudu ko na bakin teku? Akwai inda mahaifin naku yake gogewa? Nan na tuna tsumman da ba ya rabuwa da aljihun Baba. Lambar jirgin da ƙarfen da ake kamawa a hau, waɗannan biyun kullum sai ya goge su.

"Ya isa," ta ce. "Da buroshi da garin launi zan yi. Buroshi bai buƙatar lasisi. Tukuna."

Kwana tara ta yi a kansa.

Ranar Asabar ɗin baje kolin ƙungiyarmu muka turo Clifford a kekensa har gaban teburin. Ga jirgin nan baƙi ƙirin, ya ci wuya, tsatsa ta bi gindin tukunyarsa, ko'ina toka, sai lambar da ɗan ƙarfen nan kawai ke haske. Ya daɗe yana kallo. Ya miƙa yatsa, bai taɓa ba.

"Nan yake kamawa in zai hau," ya ce. Ya waiwayo. "Alwyn, ka tuna yadda Mama take hana shi zama kan kujera sai ya yi wanka?"

Rabon da ya kira sunana tun Kirsimeti. Na ce masa na tuna.

Ana cikin haka sai ga shugaban hukumar garinmu, Mai Girma Sarkin Almakashi, da tawagarsa, ya zo yanke kirtanin buɗe taro. Ya zagayo ya tsaya kan jirginmu, ya yamutsa fuska. Da ya karɓi abin magana sai ya ce abin kunya ne a bar kayan tarihi cikin irin wannan ƙazanta, kuma ya yi alƙawarin kafa kwamiti na musamman da zai wanke shi tas, ya dawo sabo.

Uwargida Ramsden ta zabura za ta miƙe. Na riƙe mata hannun riga, na ce ta kwantar da hankalinta. Tunda dai alƙawari ya yi, jirgin nan ya tsira ke nan har abada.