Rasuwar Fankar Gilashin Motar Gethin

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fushin da bai ga dalilin ɓoyewa ba, Idwal Probert, makanike a ƙauyen Corris, yana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da duk mai tseren mota a dajin Dyfi rasuwar fankar da ke busa iska mai ɗumi a gilashin gaban motar surukinsa, Gethin. Ta cika ranar Talata da hantsi, ana yayyafi.

Marigayiyar ba 'yar gata ba ce. Daga jikin wata matacciyar motar madara Idwal ya kwance ta, ya kankare mata tsatsa, ya ɗaura ta a ƙarƙashin gilashi. Tun daga ranar aikinta ɗaya ne. Mutum biyu a rufe cikin ƙarfe, tufafinsu a jiƙe, suna haki cikin hular kwano, waje kuma sanyi: gilashi yakan yi fari fat kafin a kai kwanar farko. Bel ya ɗaure su, hannu ba ya kaiwa ya goge. Ita ce ke tsakaninsu da makanta.

Ba ta taɓa hawa dandamalin karɓar kofi ba. An ɗauki hoton injin, an sumbaci bonet, an yi wa tayoyi kirari a mashaya. Ita kuwa ba a ko san tana nan ba, sai dai muryarta: ƙirrr idan an kunna, sannan fuuu mai tsawo, har a fita daga daji.

Ba tsufa ya kashe ta ba, kuma Idwal ba zai yi ƙarya a kan gawa ba. Gethin na da ciwon da ke kama masu tsere, ciwon sikeli. Ya cire kujerar baya, ya cire kafet, ya huda duk ƙarfen da zai hudu don mota ta yi sauƙi. A ƙarshe ya kai hannu ga murfin robar da ke kare fanka daga ruwa. Nauyin murfin bai kai na ƙunshin kifi da dankalin da yake ci kafin kowane tsere ba. Ruwa ya samu hanya. Muryarta ta shaƙe, ta koma kaf, kaf, kaf, kamar tarin tsoho. Idwal ya ji, ya yi magana. Gethin ya ce, "Haba Baba, ka cika tsoro. Sha shayinka kawai."

Ranar Talata Gethin da matarsa suna gwaji a hanyar tsohon ramin fasa dutse, sai warin ƙonewa ya tashi, ta yi shiru. Gilashi ya rufe. Gethin ya taka birki a makance. Da suka fito, tayar gaba na bakin ramin, tsakuwa na zuba ƙasa, ba a jin saukarta.

Ta rasu ta bar gilashin gaba, wanda yanzu maraya ne, da masu share ruwa guda biyu, waɗanda ke iya ƙoƙarinsu a waje amma ba su da iko da abin da ke ciki. Ta kuma bar Nerys, 'yar Idwal tilo, matar Gethin, wadda ke zama a gefensa tana karanta masa hanya. Mai wannan aiki kanta a sunkuye yake kan takarda. Ba ta kallon gaba. Idon direba ne idonta, kuma fanka ce idon direba.

Akwai magajiya. Sabuwa ce, tana kan bencin gareji cikin kwalinta. Gethin ya ɗora ta a sikeli, ya ga ta fi marigayiyar nauyi, ya mayar. Ya ce zai goga wa gilashi rabin ɗanyen dankali don kada ya yi fari, haka kakansa yake yi. Kakansa tarakta yake tuƙawa. Nerys ta yi dariya, ta ce, "Baba, in ka gama wa'azin, miƙo mini sifana." Tseren ranar Asabar ne. Masu hasashen yanayi sun ce ruwa da hazo tun daga asuba, kuma hanyar ta bi ta bakin wannan ramin.

Ga tsarin jana'iza. Ba za a kai ta coci ba, kuma ba a bukatar furanni. Ranar Juma'a da yamma Idwal zai ɗauki gawar da hannunsa, a naɗe cikin tsumma mai tsabta, zuwa rumfar masu duba motoci kafin tsere. Zai shimfiɗa ta a kan teburinsu lokacin da aka turo motar Gethin, don kowa ya yi mata kallon ƙarshe, su ma masu dubawa su leƙa su ga gurbin da ta bari, ko sa hana motar shiga tseren. Gethin ya rantse in Idwal ya yi haka, ba zai ƙara barinsa ya taka ƙofar gidansu ba. Idwal ya ji, kuma zai yi. Ya gwammace a rufe masa ƙofar gidan da 'yarsa ke ciki, da a buɗe masa ita ya shiga karɓar gaisuwa.

Daga nan za a binne marigayiyar a bayan gareji. Ramin ƙarami ne, Emyr mai haƙa kaburburan coci ya riga ya gama shi. Da ya gama, ya tambaya ko ya mayar da shebur ɗin. Idwal ya ce ya bar shi nan tukuna, sai an ga Asabar.