Ranar da Na Miƙe Tsaye a Cikin Kwalekwale

Ruwa ya cinye hanyar Guri, muka hau kwalekwale ni da Gwaggona da buhun shinkafarta. Mai fito ya ce kowa ya zauna daram. Na ce, "Haba Baba, 'yar Haɗeja za a koya wa shiga jirgi?"

Na zaro waya na ci gaba da kallon katun ɗin Japan, inda makarantun sakandare biyu masu gaba da juna suka haɗu a ƙwallon raga. Saura maki ɗaya. Guntun ɗan wasan da nake goyon baya ya tashi sama zai doka, ni ma ban san sanda na miƙe na kai duka ba.

Jirgin ya karkace, buhun ya tafi, Gwaggo ta bi shi. Da ƙyar mai fito ya cafko zanenta, tana aman ruwa.

Kwana uku ba ta kula ni ba. Da ta buɗe baki sai ta ce, "To 'yar nan, kun dai ci kofin ko?"

Yanzu ko daga tabarma zan tashi, sai wani a gidanmu ya ce, "Ku riƙe Gwaggo, Kyaftin za ta miƙe."